Wasiƙar Kawu ga Ango Mai Shirin Tafiya Barbados

Ɗana,

Mahaifiyarka ta zo mini jiya da la'asar hankalinta a tashe, wai kai da amarya kun yanki tikitin wani tsibiri da ko sunansa ta kasa kamawa, ta ce in yi maka magana ko ka fasa. Da ta miƙo mini takardar da ka rubuta mata na ga Barbados, sai da na yi dariya. Na ce ta kwantar da hankalinta, ƙasar da na taka ce. Wata uku na yi a can lokacin da ma'aikatarmu ta tura ni koyon aikin irin rake, ga ni kuma na dawo da sallata da hankalina. Don haka ba zan ce ka fasa ba. Guminka ne, kuma yarinyar nan ta cancanci ta ga teku. Amma tunda an ɗora mini nauyi bari in sauke, a kan abubuwan da na ga suna kayar da baƙo a can, wato abin da zai kai baki da inda zai sa ƙafa bayan faɗuwar rana.

Wurin ƙarami ne. Tsawonsa kilomita 34, faɗinsa 23, mutanensa ba su cika dubu 300 ba, ƙananan hukumomi da yawa a Kano sun fi shi jama'a. A taswira yana kan layi ɗaya da Sakkwato, shi ya sa rana ba za ta ruɗe ku ba kamar yadda take ruɗa mutum a Turai. Wajen ƙarfe shida take faɗuwa, a Disamba da za ku je ma tun biyar da rabi, kuma duhu ba ya jan ƙafa. Ka ga ke nan dare yana da tsawo, ga mutum ba aiki, ga kuɗi a aljihu.

Bari in fara da abin kunyar da ya same ni, don kada ka maimaita. Ranar da na sauka, gajiya ta ci ni, ƙishirwa kuma kamar na yi azumi. Ina shiga masauki wata mata ta tarbe ni da fara'a, ta miƙo mini kofi da ƙanƙara a ciki, abin ja-ja, an maƙala yankan lemo a baki. Na ce a raina, kai, har nan ma akwai zoɓo. Na kai baki. Allah Ya taimake ni hancina ya riga harshena. Na ajiye, na tambaye ta mene ne. Ta ce ai ruwan 'ya'yan itace ne da ɗan ram kaɗan, don maraba da baƙo. A wurinta kirki ta yi mini, kamar yadda za ka tarbi baƙo da fura. Da na gaya mata ba na sha, ta ba ni haƙuri ta kawo mini wani babu komai a ciki, har na bar gidan kuma ba ta sake mantawa ba. Tun daga ranar na gane laifin nawa ne, da na ɗauka na sani.

Ram ɗin nan barasa ce da ake yi daga maɗin rake, kuma in ba ka fahimci matsayinta a wurinsu ba za ka yi ta mamaki. Suna alfahari cewa a tsibirinsu aka fara ta. Kamfaninsu na Mount Gay yana lissafa shekarunsa tun daga 1703. Kusan kowane ƙauye akwai ɗan shagon katako da ake sayar da ita, a nan kuma ake sayen burodi da sabulu, a nan dattawa ke zaman majalisa suna gardamar siyasa da wasan kurket. To abin da ya shiga rayuwar mutane haka ba a kofi kaɗai yake tsayawa ba. Yana shiga kek, musamman baƙin kek ɗin da suke yi na Kirsimeti, wanda ake jiƙa busassun 'ya'yan itacensa a cikin ram makonni kafin a gasa. Yana shiga askirim. Wani lokaci yana shiga romon da aka zuba a kan nama ko ayaba. A filin jirgi za ka ga kek a cikin kwali mai kyau, ka ce ga tsarabar Hajiya. Ka karanta jikin kwalin tukuna.

Shi zoɓon ma da gaske akwai shi. Sorrel suke ce masa, ganyen nan ne dai namu, da citta da kanumfari, kuma lokacin Kirsimeti ne kakarsa, za ku tarar da shi ko'ina. Sai dai wani gidan a kan ɗiga masa ram. Tambaya ɗaya ce za ta raba ka da shakka. Akwai kuma mauby, wanda ake dafawa daga ɓawon itace, zaƙi a gaba ɗaci a baya. Ni na so shi, amma kada ka cika ciki da shi ranar farko, yana iya sa ka yi ta zarya. Ruwan kwakwa kuwa a gabanka za a sare ta da adda a bakin hanya, wannan ba ya buƙatar tambaya. Ruwan famfonsu ma ana sha, ta cikin dutsen farar ƙasa yake tacewa.

Yanzu ga albishir. Abincin da suka ɗauka a matsayin na ƙasa, in an ajiye maka shi za ka rantse daga ɗakin girkin kakarka ya fito. A takardar abinci za ka ga an rubuta cou-cou, a baki kuma kuku. Garin masara ne ake tuƙawa da ruwan kuɓewa da yankakkiyar kuɓewar a ciki, da wani ɗan katako mai faɗi da ba shi da maraba da muciya, a mulmula shi a kwano a kife. Tuwon masara da miyar kuɓewa ne aka haɗa su a tukunya ɗaya. Ana cin sa da kifin nan mai fiffike da ke tsalle yana shawagi a saman ruwa, wanda har hotonsa suka sa a kan kwabon dalarsu. Ranar da na fara ci, na ajiye cokali na wanke hannu, masu gidan suna ta dariya. Barkononsu kuma attarugu ne, a markaɗa shi da mustad da kurkum ya fito rawaya. Ka ɗiga kaɗan ka ji tukuna, kada ka yi masa gadarar ɗan Kano.

Wannan kamar ba banza ta zo ba. Turawan Ingila sun kafa zama a tsibirin a 1627, bayan shekara goma sha wani abu suka koma noman rake, rake kuma yana cin hannu. Sai aka riƙa kwaso mutane daga gaɓar Afirka ta Yamma a cikin jiragen ruwa. Kuɓewar nan da tuƙin nan tare da su suka haye. Har dawa suna da ita, suna kiranta masarar Gini, da garinta suke yin wani abincin Kirsimeti mai suna jug-jug. Amma ka tsaya nan, don a jug-jug ɗin ne zan kawo maka matsala ta biyu.

Alade a wurinsu nama ne na yau da kullum, kuma wanda ke bayyane ba shi ne abin tsoro ba. Ranar Asabar suna da al'adar cin wani abu da suke kira pudding and souse, naman alade ne da aka jiƙa da lemon tsami da kokwamba, wannan kowa zai gaya maka. Burodinsu da ake tsagawa a sa abu a ciki, cutter, akwai na kifi akwai na cuku akwai na alade, ido ma zai raba. Wanda ke shammatar mutum shi ne wanda aka jefa a tukunya don ɗanɗano, kamar yadda uwarka ke jefa daddawa. Shinkafa da wake za ka gani fes, babu ko tsoka a kai, alhali da wutsiyar alade mai gishiri aka dafa ta. Haka jug-jug, haka miyar ganye, haka wani romon. In ka ce wa mai abinci akwai nama a ciki, zai iya ce maka babu da zuciya ɗaya, don a ganinsa wannan kayan ƙamshi ne. Sai ka kira abin da sunansa. Ka ce an sa wutsiyar alade, an sa nama mai gishiri, an sa kitse? Ka ce kifin nan a kan waya ɗaya aka gasa shi da alade? Ƙullun da aka tsoma shi kafin a soya, da giya aka dama?

Na san halinka, kana da kunya, ba ka son a ce ka cika fitina. To ka sani su ba baƙin wannan tambaya ba ne. A cikinsu akwai 'yan Rasta da ba sa cin alade, da yawansu ma ba sa cin nama gaba ɗaya, abincinsu na ganye da hatsi suna ce masa ital, kuma in ka rasa mafita shagonsu mafaka ne. Akwai 'yan cocin Asabar, su ma ba sa taɓa alade. Mai abinci ya saba. Abin da ba ya so shi ne ka yatsine fuska a kan tukunyarsa. Ka yi gaisuwa kafin ka tambaya. Mutanen nan suna da riƙon gaisuwa kamar mu, in ka shiga shago ko mota ba ka gaida mutane ba an gama karanta tarbiyyarka. Kuma kada ka ruɗe in ka shiga wuri da dare aka ce maka gud nait. Abin da Bature ke faɗa in zai tafi barci, su da shi suke yi wa mutum barka da zuwa. Ni sai da na juya zan fita.

Maganar kaza da naman shanu, ko yankan Ahlul Kitabi ne ko ba shi ba ne, wannan ta malamai ce, ka tambayi naka kafin ka tashi. Ni dai na sauƙaƙa wa kaina, na zauna a kan kifi, tunda a mazhabarmu abin teku ba shi da yanka. In kuma kwaɗayin nama ya taso, ka je Juma'a. A Bridgetown, babban birninsu, akwai masallaci a kan titin Kensington New Road, yawancin jama'arsa jikokin 'yan kasuwar da suka zo daga Gujarat ta Indiya ne. Bayan sallama ka gaisa da na kusa da kai ka ce kai baƙo ne. Kafin ka sa takalmi za a gaya maka inda ake samun halal, mai yiwuwa ma wani ya ja ku gidansa. Ni an ja ni, kuma shinkafar da na ci a gidan nan har yau ina tuna ta.

Ranar Juma'ar da dare kuma ka kai amarya Oistins. Wannan kada ku bari ya wuce ku. Garin masunta ne a kudancin tsibirin, ba nisa da filin jirgi. Da magariba ta yi sai rumfunan da ke gefen kasuwar kifi su hura wuta, hayaƙi ya tashi kamar layin masu tsire a daren sallah. Dogayen bencina ne, ka zauna inda ka samu, gefenka Baturiya gefenka masunci. Za a lissafo maka kifaye, tuna da marlin da mai dogon baki kamar takobi. In ka ji an ce dolfin kada gabanka ya faɗi, ba dabbar nan mai wasa da mutane ba ce, wani kifi ne da wasu ƙasashen ke kira mahi-mahi, kuma yana cikin masu daɗi. A haɗo maka da taliyar da aka gasa da cuku, ko dankali, ko wani ɗan itace mai kama da doya in an gasa. Akwai kuma ƙosansu na busasshen kifi mai gishiri, wanda in ka fara sai an janye kwanon.

Ku je da wuri, kamar ƙarfe bakwai, kun yi magariba kun fito. Lokacin layi bai yi tsawo ba, kifi bai ƙare ba, yara da iyayensu suna nan. Ka zaga ta baya za ka ga tsofaffi, mata da miji, an ci ado, suna taka rawar da ta yi zamani tun kafin a haifi uwarka, a hankali, babu mai kallon wani. Gefe guda maza suna buga domino, suna maka shi a kan tebur kamar masu faɗa, alhali wasa ne irin na 'yan dara. Na fi awa ɗaya ina kallon tsofaffin nan. Amma daga wajen ƙarfe goma wurin yana sauya fuska. Kiɗa ya ƙaru, kwalabe sun yi yawa a kan tebur, iyalai sun fara janyewa. In ka ga masu goyo suna tafiya, ku ma lokacinku ya yi.

Kafin in manta, maganar kuɗi. Dalarsu biyu ce dalar Amurka ɗaya, haka aka ɗaure ta tun 1975, kuma dukansu ana karɓa, alamar rubutunsu kuma iri ɗaya. In an ce maka hamsin, ka ce wace dalar? Musamman direban tasi, don motocinsu ba su da mita, ciniki ake yi kafin a shiga. Ni na taɓa biyan ninki saboda ban tambaya ba, kuma ban ga laifin mutumin sosai ba. A gidajen abinci na manya ka duba ƙasan takardar kuɗi, sau da yawa an riga an ɗora kuɗin hidima kashi 10 cikin ɗari ko fiye, kada ka biya tukuici sau biyu. In ba a ɗora ba kuwa, ka bayar, da shi yaran ke rayuwa. Abinci yana da tsada don yawancinsa a jirgin ruwa ake shigo da shi. Gidajen gaɓar yamma, wajen Holetown, inda attajiran duniya ke sauka, cin dare ɗaya na mutum biyu zai iya lashe abin da za ku ci kwana uku a rumfa. Ka kai ta sau ɗaya, ta sa kayan lefenta, ku zauna a bakin ruwa ku ci a hankali. Sauran kwanakin ku bi inda 'yan gari ke layi. Kuma ina roƙonka ka daina juya kowace loma zuwa naira a gabanta, abinci ba ya wucewa haka.

To, sai dare. Akwai wani titi a kudu, St Lawrence Gap, su Gap kawai suke ce masa. Bai fi tafiyar minti ashirin a ƙafa ba, amma gidajen abinci da mashaya da gidajen rawa sun cika shi dam. Da farkon dare wuri ne mai daɗin tafiya, ga iska, ga masu kiɗan gangar ƙarfe da aka ƙera daga durom ɗin mai. Can tsakar dare kuma wani gari ne daban. Wasu gidajen kuɗin shiga kawai za ka biya, sha kuma iya cikinka. Haka jiragen ruwan shaƙatawa da ke fita da yamma. Kai da ba ka sha, ka biya wa wasu ke nan, sannan ka zauna cikin mutanen da hankalinsu ke raguwa kana riƙe da hannun matarka. Ka tambaya kafin ka biya, akwai masu fita da safe a je a ga kunkurun teku, waɗannan sun fi dacewa da ku.

Ba zan tsaya ina karanta maka haram da halal ba, ka fi ni karatu. Abin da na gani da idona zan gaya maka. A cikin waɗanda muka je tare akwai wani bawan Allah, daga wata ƙasa maƙwabciya, mutum kamili, a gida ko goro ba ya ci a kan titi. Mako na uku ya fara cewa ai nan babu wanda ya san shi. Da wannan kalmar ya fara, da ita kuma ya ƙare, don ranar da za mu taso sai da muka haɗa masa kuɗin mota, agogo da jakar kuɗi sun tafi a wani dare da shi kansa ya kasa ba da labarinsa. A gida, rabin kamun kanmu idon unguwa ne ke yi mana. Can babu unguwa. Daga kai sai Wanda ya halicce ka, sai kuma yarinyar da ta baro gidan ubanta makonni kaɗan da suka wuce, tana kallonka tana koyon wane ne ta aura. Abin da ta gani a waɗannan kwanaki goma za ta riƙe shi shekara arba'in.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa ne. Kofin da kuka bari a tebur kuka tashi, kada ku koma masa. Wanda ya matso a bakin teku yana raɗa maka yana da kaya, ka ce na gode ka wuce, kada ka tsaya jin kayan mene ne. Kada ka riƙe wa kowa saƙo zuwa filin jirgi, ko da ya kira sunan garinku. Rairayin da ya cika da mutane da rana, da dare ba wurin yawon amarci ba ne, dare rigar mugu ne a ko'ina. Fasfo ya zauna a akwatin ajiya na otal. Wandon nan naka mai zanen kakin soja ka bar shi a gida, dokarsu ta hana farar hula sa shi, har yara. A hagu suke tuƙi, ka duba dama kafin ka tsallaka. In ruwa ya tsuge kuna bakin teku, kada ku fake ƙarƙashin bishiyar da aka shafa wa jan fenti, ruwan da ke ɗigowa daga ganyenta yana ƙona fata, 'ya'yanta masu kama da ƙaramin tuffa kuma guba ne. Ƙananan motocin hayarsu farare masu lamba ZR suna da arha, kuɗi ɗaya ne ko ina za ka, amma gudu da kiɗa sai ka ce ɗan acaɓa ya samu mota. Da rana ku hau ku sha dariya, da dare ku nemi tasin da otal ya sani.

Abu ɗaya kuma nake so ka riƙe game da kiɗan da za ka ji, don kada ka koma gefe kana taɓe baki. Mu muna cewa dare mahutar bawa, muna faɗa ne kawai. Su kakanninsu a kansu aka yi. Yini suke a gonar rake, ɗan abin da ya rage musu na kansu shi ne dare da ranar hutu, har ganga sai da masu gonakin suka hana su kaɗawa don tsoron kada su kira juna tawaye. Tawayen kuma an yi shi, a 1816, ƙarƙashin wani bawa mai suna Bussa, wanda za ka ga mutum-mutuminsa a wani shataletale ya ɗaga hannu sarƙa a tsinke. Ba a sake su gaba ɗaya ba sai 1838. Babban bikinsu na shekara, Crop Over, wanda ke ƙarewa a farkon Agusta, asalinsa murnar gama yankan rake ne. Ba sai ka shiga rawar ba, akwai ma wadda zan ce ka kau da kai. Amma mutanen da ke yin ta ka ba su girmansu, masu masaukinka ne, kuma in an bi diddigi wasunsu daga ɓangarenmu aka kwashe kakanninsu. Da suka ji daga Najeriya nake, wani tsoho riƙe hannuna ya yi ya ƙi saki.

Ita kuma 'yata amarya ka gaya mata ta tafi da mayafinta yadda ta saba, babu mai tanka mata, sun saba ganin matan Musulmi a Bridgetown. Ka riƙa tambayarta abin da take so ta ci, kada ka yi ta yanke mata. In ta ce ta gaji ku koma, ko da kun biya kuɗin shiga.

Agogonsu yana bayan namu da awa biyar. In kun idar da sallar asuba, nan hantsi ya yi, lokacin ne za ka samu mahaifiyarka a zaune. Ka kira ta kullum ko na minti biyu ne, ni na yi mata alkawari a madadinka. In za ku dawo kuma ka riƙo mini kwalba biyu ta barkonon nan rawaya, ka naɗe su da kyau a cikin kaya, ka sa a babban akwati don ba za a bar ka ka shiga jirgi da su a hannu ba. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.

Kawunka.